Babur mai batir da damina: ruwan sama daban, ruwan da ya kwanta daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu sana'ar babur a nan Ikko, musamman waɗanda suka koma hawa mai batir. Shekarata 16 ina acaba a Agege, wannan kuma ita ce damina ta biyu da nake yi a kan na lantarki. Abin da ya sa na rubuto shi ne wani abu da ya faru a gidan da muke haya, wanda ba don Allah ya tsare ba, da yanzu gaisuwar mutuwa ake zuwa yi mana.

Kowa ya san abin da ya tura mu ga wannan babur. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Ga shi tun 2022 gwamnatin jiha ta hana mu aiki a ƙananan hukumomi 10, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa da Mushin, wato inda fasinja mai kuɗi yake. Wurin aiki ya tsuke, mai ya yi tsada, sai da yawanmu muka karɓi mai batir muna biya kaɗan-kaɗan. Ban yi nadama ba. Ba na sayen mai, ba na juyen baƙin mai, ba ruwana da fulogi. Amma wanda ya miƙa mini makulli bai ce da ni uffan ba game da ruwa, kuma a garin nan ruwa shi ne rabin shekara.

Wanda bai zauna Ikko ba ba zai gane ba. A gida Arewa, Agusta ne watan marka. A nan kuwa daga Afrilu ake farawa, Yuni da Yuli a yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, a ɗan sarara a Agusta, sannan a dawo a Satumba da Oktoba. Garin a kwance yake a bakin teku, lambatu sun cika da leda da robar ruwa, saboda haka ruwan sa'a biyu ya isa ya mai da titi kogi. Mutanenmu na wajen Mile 12 ma ba sai an yi ruwa a kansu ba, da an saki ruwan madatsar Oyan, kogin Ogun zai kawo musu shi har ƙofar gida.

Da fari tsoron da ake ji shi ne na shokin. Akwai wata Hajiya da nake ɗauko wa nama daga abbatuwar Oko-Oba, da hadari ya haɗo sai ta ce, "Malam, sauke ni, kada abin nan naka ya ja ni." Na sha gaya mata cewa ruwan da ke sauka daga sama ba ya yi wa babur mai lafiya komai. An rufe batirin, an rufe na'urar da ke raba wuta, wayoyin suna cikin roba. Na yi tafiya cikin ruwa mai ƙarfi ba sau ɗaya ba, ban taɓa jin ko ɗar ba. Wanda ya kamata a guda shi ne babur ɗin da aka feɗe wa waya aka ɗaure da salatif.

Haɗarin na ƙasa ne. Mai hawa babur ɗin fetur ya san iyakarsa, domin da ruwa ya kai salansa ko ya shiga kafireto, mashin zai mutu nan take, dole ka sauka ka tura. Shi mai batir ba shi da salansa, ba ya shaƙar iska, saboda haka sai ya ratsa kududdufi ya fita kamar ba abin da ya faru. Wannan shi ke yaudarar yaranmu. Ba ya gaya maka ya sha ruwa sai daga baya.

Haka ta faru da ɗan ƙanwata, wanda ni na kawo shi Ikko. A Yulin da ya wuce ya dawo da yamma yana ba mu labari cikin murna, wai ya keta ruwa har gwiwa da fasinja a bayansa, masu na fetur suna gefe suna tura nasu suna kallonsa. Ya cire batir ya shigo da shi ɗakin da mu shida muke kwana, da aka kawo wuta ya jona caji, muka kwanta. Wajen ƙarfe biyu na dare wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya tashe ni. Na kai hannu, akwatin ba ya taɓuwa don zafi, yana wani tsuwa a ciki. Na zare caja, muka ja shi da bargo zuwa tsakar gida. Ko minti biyar ba a yi ba ya fara tuttuɗo farin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, sai ga wuta. Gidan nan akwai mata da ƙananan yara, ƙofa ɗaya ce. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Wani bakanike da ya san aikin lantarki ne ya buɗe abin da ya rage ya nuna mana. Ruwa ya bi ta bakin murfi ya kwanta a ƙarƙashin ƙananan baturan da ke jere a ciki, ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Ya ce irin wannan batir na litiyam yana iya yin kwanaki bayan ya sha ruwa kafin ya tashi, kuma ko an kashe wutar tana iya dawowa. Ruwan gishiri ya fi muni, domin ya fi ɗaukar wuta kuma ya fi saurin cin ƙarfe. Masu aiki kusa da bakin ruwa, wajen Ojo da Badagry, su riƙe wannan.

Bakaniken ne kuma ya koya mini karanta wata lamba da ake bugawa a jikin batir ko a takardarsa, mai farawa da IP. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. In ta biyun 4 ce, fantsama kawai yake jurewa. In 5 ce, yana jure feshi. Sai ta kai 7 ne aka gwada shi cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ko shi ɗin ma sabo aka gwada, a ruwa mai tsabta, ba wanda ya shekara yana dukan ramukan Agege har robar bakinsa ta saki ba. Nawa 5 ne. Tun daga ranar na sa wa kaina doka: in ruwa zai kai cibiyar taya, inda injin lantarkin yake, ba na shiga, ko nawa fasinja zai ba ni.

Akwai kuma santsi. Wannan babur ba shi da kuloci, da ka murɗa totur ƙarfin ke zuwa gaba ɗaya, a jiƙaƙƙiyar kwalta sai tayar baya ta kwashe ka. In ana ruwa ina mai da shi lamba ɗaya, wato mafi ƙarancin gudu, in fara birki tun daga nesa, in kauce wa murfin ƙarfe da farin fenti na titi. Ba ya ƙara, mai lema a ka ba ya jin zuwanka, saboda haka fitila a kunne, yatsa a kan oda. Masu kai shi wurin wankin mota a sa masa tiyo mai ƙarfi, ku daina, tsumma da bokiti sun isa.

Kukana yana kan masu sayarwa da masu ba da bashin baburan nan. Sun san yawancin masu karɓa Hausawa ne, da yawa ba su yi boko ba, amma takardar da suke bayarwa da Turanci take, ƙananan rubutu. Me zai hana a buga shafi ɗaya da Hausa, da boko da ajami, ko a yi saƙon murya a tura ta WhatsApp? Wuraren musanya batir kuma, inda ake miƙa wanda cajinsa ya ƙare a karɓi cikakke, su buɗe hanyar da mutum zai ce "wannan ya shiga ruwa" ba tare da an ɗora masa tarar da ta fi ƙarfinsa ba. Muddin faɗin gaskiya zai ci masa kuɗin mako, shiru zai yi ya miƙa, a ɗauka a ba wani bawan Allah ya tafi da shi.

Shugabannin tashoshinmu da malaman da ke mana karatu bayan magariba, don Allah ku faɗa wa yara: batirin da ya nutse ba a jona shi caji, ba a kwana da shi a ɗaki, a ajiye shi a fili nesa da mutane har wanda ya sani ya duba. In ya fara zafi ko hayaƙi, a janye yara, a kira 112 ko 767.

Ɗan ƙanwata har yanzu yana biyan kuɗin batirin da ya ƙone, yana hawa nawa da dare. Mun haɗa kuɗi mu shida mun sa an yi mana 'yar rumfar kwano a tsakar gida an ja waya, can muke caji yanzu, kuma ba ma jonawa sai da wani a farke.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Wani ɗan acaba,
Agege, Legas