Wasiƙa zuwa ga Inna, a kan faifan Kaka

Faris, 25 ga Yuli

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya tare da Baba da ƙannena da dukan mutanen unguwarmu Barmare. Yaya damina? Auta ya ce ruwa ya sauka sosai har kogin Mayo Kaliyawo ya kawo, Allah ya sa mai albarka ne.

Inna, na zaɓi takarda ne saboda abin da zan faɗa ba zai fito daga bakina ba matuƙar ina jin muryarki a waya. Ki sa Auta ya karanta miki a ɗaki, daga ke sai shi.

Tun ranar Laraba 22 ga Yuli 2015, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, da bam ya tashi a babbar kasuwar Marwa da kuma unguwarmu, muka rasa Yaya, ban sake yin barcin kirki ba, ko da yake duk lokacin da kika tambaye ni sai in ce lafiya lau. A nan Faransa ranar 14 ga Yuli ce bikin ƙasarsu, da dare suna wasan wuta mai tsananin ƙara, kuma a shekarata ta farko na shige makewayi na toshe kunnuwa, jikina yana ɓari har asuba. Daga baya na riƙa zuwa wurin wata likita mai sauraron masu irin wannan ciwo. Ita ce ta tambaye ni wata rana abin da hannuna ya iya tun ina yarinya, sai ga Kaka a idona, zaune a kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, da ƙwaryar ruwa a gefenta tana jiƙa kaba.

Kaba ba ta samuwa a nan. Abin da na samu shi ne zaren tukurwa da masu sayar da furanni suke ɗaure kayansu da shi, na saya na rina rabi ja rabi baƙi. Faifan farko ya fito a karkace kamar an zauna a kansa, don na manta gargaɗin Kaka cewa faifai daga cibiya yake gyaruwa, wanda ya ja zare da fushi kuwa kwando zai samu. A na uku ne hannuna ya tuna abin da kaina ya manta: yadda take tsaga kaba da farce, ta riƙe bakin da haƙori, ta soka allura tana juya faifan a kan gwiwa a hankali. Idan ina ƙirga ja huɗu baƙi biyu, zuciyata ba ta samun hanyar komawa bakin kasuwa. Bana da aka fara wasan wutar ina zaune da faifaina, na yi kuka, amma ban tashi daga inda nake ba.

Faifai kuma yana neman abin da zai rufe. Don haka na je kasuwar Château Rouge, inda 'yan Afirka suke sayayya, na samo kuka da daddawa da busasshen kifi, ko da yake bai kama ƙafar kifin tafkin Maga ba. Na kaɗa miyar yadda Kaka take yi, wato a rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan ana burgawa don kada ta yi gudaji, sannan na soya man shanu da albasa na zuba. Da ƙamshin ya tashi sai na ji kamar Yaya za ta leƙo ta ce a bar mata ƙanzo. Wannan ne karo na farko da na tuna ta tana dariya.

Inna, ki gafarce ni idan na wuce gona da iri. Na san Yaya 'yar farinki ce, ba ki taɓa kiran sunanta ba tana raye, kuma da ta rasu alkunya ta hana ki kuka a gaban mutane. Na daɗe ina zaton kin fi ni dauriya, sai yanzu na gane dalilin da ya sa kika ƙi barin kowa ya taya ki daka a kwanakin zaman makoki.

Roƙona biyu ne. Idan tsohon faifan Kaka mai zanen tauraro yana nan a bayan kwalla, ki ba mai tahowa ya kawo mini tare da damin kaba, in kwaikwayi zanen. Sannan ki zauna da Gwaggo ku faɗa wa Auta sunayen iyayenmu mata, ya ɗauki muryarku a waya: wadda ta haifi Kaka, da wadda ta haife ta, da garin da suka baro kafin su sauka Marwa, da sana'ar kowacce. Ni dai iya sanina ya tsaya a kan Kaka, kuma ina so in riƙa ambaton kowacce da sunanta a addu'a.

Na ajiye miki faifai na huɗu, shi ne ya fi daidaita. A gaida Baba da Gwaggo da maƙwabta. Allah ya jiƙan Yaya da Kaka, ya ƙara miki lafiya.

Wassalam,
'Yarki mai ƙaunarki