Wasiƙa kan tabar naɗin hannu

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga ƙorafinka cewa tabar naɗin hannun da aka kawo maka tsaraba, wadda Turawa ke kira cigar, ta yi maka ɗaci, ta sa ka jiri, har kana zargin ko jabu ce. Yana yiwuwa, amma galibi ba laifin ganyen ba ne. Ɗaci daga gaggawa yake zuwa, jiri kuwa daga nikotin. Ƙarfi daban, ɗanɗano daban, kuma nan ne yawancin sababbin masu sha suke ruɗewa.

Kowane kara sassa uku gare shi: ciki, ganyen ɗauri, da rigar waje. Cikin gaurayen ganyaye ne daga sassan tsiro daban-daban. Na can ƙololuwa, wanda ya fi shan rana, manaɗan Kuba suna ce masa ligero. Kauri gare shi da maiƙo, shi ke ɗauke da ƙarfi, kuma a hankali yake cin wuta, shi ya sa ake sa shi a tsakiyar naɗi. Seco na tsakiyar tsiro ƙamshi yake bayarwa, volado na ƙasa kuwa aikinsa riƙe wuta. Yawan ligero ne ke sa kara ya yi nauyi a ka.

Don haka kada launin riga ya yaudare ka. Baƙin ganyen rigar nan da ake kira maduro ya sami launinsa ne saboda ganyen ya daɗe a jibge yana gumi, kuma abin da yake bayarwa ɗan zaƙi ne irin na koko da gahawa, ba lallai ya fi ƙarfi ba. Rigar Connecticut ta Amurka, wadda ake nomawa a ƙarƙashin rumfar yadi, fara-fara ce mai taushi a baki, amma ana iya naɗa ta kan ciki mai zafi. Ganyen Estelí na Nikaragwa an san shi da yaji kamar masoro, na Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río na Kuba kuma da ƙamshin ƙasa da itace.

Kafin wuta, duba danshi. Ana ajiye ta a akwati mai danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Celsius. Matsa ta a hankali tsakanin yatsu biyu: ya kamata ta ɗan lotsa ta dawo. In ka ji ƙaras-ƙaras ta bushe, za ta ci da sauri ta ƙona harshe. In ta yi laushi sosai danshi ya yi yawa, za ta riƙa mutuwa tana ɗaci.

Wajen yanka, milimita 2 ko 3 kawai za ka cire daga hular kan, wato rufaffen gefen da ake sawa a baki, da almakashinta mai kaifi, sara ɗaya. In ka wuce kafaɗa, wato inda lanƙwasar kan ta ƙare, rigar za ta fara warwarewa a bakinka. Sai ka zuƙa ba wuta ka ji ko iska na wucewa. In kamar an toshe ne, naɗin ya yi tauri a wani wuri. Murza wurin a hankali.

Kunna ta da laita mai gas ko doguwar ashana bayan kan ashanar ya gama ci. Laitar fetur da kyandir suna bar mata wari. Kada harshen wuta ya taɓa ganyen. Riƙe ƙafar karan, wato gefen da ake kunnawa, a samansa kana juyawa har gefen ya yi baƙi zagaye, sannan ka zuƙa. Hura wa ƙafar iska ka gani ko jan ya kama ko'ina. Inda bai kama ba, gefe ɗaya zai riƙa gudu ya bar ɗaya, sai ka gyara da laita tun da wuri.

Yanzu abin da nake ganin ya same ka. Zuƙa ɗaya a kusan minti ɗaya ta isa. Ka riƙe hayaƙin a baki daƙiƙa biyu ko uku, ka sake shi, ba a kai shi huhu. Mai zuƙa akai-akai yana zafafa garwashin, kwalta ta taru a kai, duk ƙamshin ya koma ɗaci. Irin da ake kira Robusto, mai tsawon inci 5 da kauri lamba 50 a ma'aunin kaurin kara, tana ɗaukar minti 45 zuwa awa ɗaya. Kar ka riƙa kakkaɓe toka kamar ta sigari. Bar ta ta kai inci ɗaya, domin tana rage zafin wutar. Sulusin farko yakan zo da ɗan yaji, na tsakiya shi ne mai daɗin, inda koko, fata da itace suke fitowa. Na ƙarshe ya fi nauyi da zafi, kuma ba dole ne ka cinye shi ba.

Jirin kuwa, hayaƙinta na shigar da nikotin ta fatar baki ko da ba ka haɗiye ba. Kar ka sha da yunwa. In ka ji zufa ko tashin zuciya, ajiye ta nan take, ka sha wani abu mai zaƙi, ka fita iska. Ina kuma gaya maka tsakani da Allah, don lafiyarka ta dame ni: rashin kai hayaƙi huhu bai kare mutum daga kansar baki, maƙogwaro da maƙoshi ba, kuma kara ɗaya babba ya fi sigari ɗaya nikotin nesa ba kusa ba. In ba ka saba ba, barinta ya fi.

In ka gama, kada ka murƙushe ta, warinta zai cika ɗaki. Ɗora ta a kan tasar toka, za ta mutu da kanta cikin 'yan mintoci.

Ka gaishe min da mutanen gida. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Abokinka