Mu Duba Yadda Indunusiya Ke Zama Da Su IMF

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan Indunusiya, don mu nan abin da muka sani game da su bai wuce Indomie da alhazansu da ake gani a Makka sun jeru cikin tsari ba, alhali ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 270 kuma shekara da shekaru tattalin arzikinta na ƙaruwa da wajen kashi 5 cikin 100.

Su ma fa sun ji jiki a hannun IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A 1998 kuɗinsu rupiya ya karye, ga bashi mai sharuɗɗa, gwamnati ta ƙara kuɗin man fetur, gari ya rikice har sai da shugabansu Suharto ya sauka bayan ya haura shekara 30 kan mulki. Amma a 2006 suka biya bashin nan kaf tun wa'adi bai cika ba, kuma ba su yi zuciya sun fice daga IMF ba.

Abin da ya fi burge ni wallahi maganar nikel ce, ƙarfen nan da ake sa wa a batirin mota mai lantarki. A 2020 suka hana fitar da ɗanyensa, duk mai so ya zo ya kafa masana'anta a narka shi a gida, Tarayyar Turai ta kai ƙara WTO, ƙungiyar kasuwanci ta duniya, a 2022 aka ce Indunusiya ba ta da gaskiya, ta ɗaukaka ƙara ta ci gaba da abinta, IMF ma a 2023 ta ce a sassauta suka ce a'a. Toh duk da haka a 2024 OECD, ƙungiyar nan ta ƙasashe masu hannu da shuni, ta fara zama da su kan shigarsu, a Janairun 2025 kuma suka shiga BRICS, ƙungiyar su Brazil, Rasha, Indiya, Chana da Afirka ta Kudu.

Ban ce babu aibu ba, yawancin masana'antun na 'yan Chana ne, da kwal suke aiki, masunta a tsibirin Sulawesi na kuka ruwansu ya gurɓace, wannan kam abin tausayi ne.

Amma Edita ina roƙo wakilinku ya tambayar mana ministan ma'adinai, zinaren Zamfara da litiyom ɗin Nasarawa nawa ake sarrafawa a gida nawa ke fita ɗanye, a buga mana amsar mu gani.

Naku,
Mai karatu daga Kano