Yara sun mayar mini da ɗaki gidan rediyo, Anti a ba ni shawara

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya ɗawainiya da jama'a. Allah ya saka da alheri kan wannan fili naki. Dan Allah a sakaya sunana, don maganar ta shafi maƙwabta kuma na san suna sauraron shirin.

Ni matar aure ce a cikin birnin Katsina, ɗiya huɗu Allah ya ba mu, babbar shekararta 14, sai namiji mai 12, sai mai 10, sai auta mai 7. Damuwata a kan wannan abin ne na fodkas, shirin murya da ake ɗauka a waya a tura wa mutane su saurara lokacin da suka ga dama. Ƙanin maigidana da ke karatun aikin jarida shi ya koya musu a dogon hutun da ya wuce, ya sayo musu ɗan makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ya nuna musu su kashe fanka, su jira maƙwabta su kashe janareta, su shiga ɗakin da ke da katifa da labule da kaya a rataye don a nan murya ba ta yin amsa-kuwwa, kuma a bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da waya. Sai ya ce kowa ya riƙa gwada salo daban-daban har ya gano wanda ya dace da bakinsa. Toh daga nan ɗakina ya tashi daga nawa.

Babbar ta fara da karanta labarai. Ta taso tana jin BBC Hausa a rediyon kakanta, wanda kullum sai ya gaya musu tun 1957 aka buɗe sashen kafin ma a haifi ubansu, shi ne ta ɗauko komai har da faɗin lokaci agogon Najeriya da Nijar da kuma agogon GMT, sai dai labaran nata na gida ne, an ɗauke wuta, tumatur ya yi tsada a kasuwa, akuyar Hajiya ta haihu biyu. Tana rubutawa a takarda ta maimaita kafin ta ɗauka, kuma wallahi rubutun Hausarta ya gyaru. Mai bi mata shi kuma sharhin ƙwallo ya ɗauka, ya taɓa bin babansa filin wasa na Muhammadu Dikko kallon Katsina United, tun daga nan sai ihu, ya ɗauka ya yanke ya buga, har sai na leƙo na ce ana sallah a masallaci. Auta tatsuniya take yi, ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi, in ta manta tsakiya sai ta ƙirƙiro nata ta rufe da ƙurungus kan kusu.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne mai shekara 10. Yaron nan yana da in'ina, a makarantar boko da Islamiyya ba ya ɗaga hannu ko ya san amsa saboda dariyar yara. Ya gwada labarai ya kasa, ya gwada sharhin ƙwallo abin ya fi muni har ya yi kuka ya ce shi ya bari. Kawun nasu ne ya ce ya gwada hira, wato shi ya yi tambaya gajera ya bar wani ya yi ta bayani. Sai ya ɗauki waya ya tafi wurin kakarsa. Anti in kin ji abin da ya fito! Ya tambaye ta hawan sallah na zamanin ƙuruciyarta, ta ba shi labarin yadda suke tsayawa wajen Ƙofar Soro kallon dawakai, da yadda ake kai baƙi su ga hasumiyar Gobarau, da lokacin da Katsina ke ƙarƙashin jihar Kaduna kafin a ba mu tamu a 1987, komai sai an tafi Kaduna. Da ta zo zancen zuwanta Daura rijiyar Kusugu sai ya ce “to Hajiya kin sha ruwan?” kawai, ita kuma ta ɓarke da labarin da ni kaina da na shekara da shekaru a gidan ban taɓa ji ba. Yaron ya iya yin shiru ya saurara, abin da manyan masu shiri da yawa ba su iya ba, su yi tambaya su amsa da kansu. Kuma in yana riƙe da makirfo in'inar tana raguwa sosai, ni ba likita ba ce amma kunnena ya ji.

Duk wannan a guruf ɗin WhatsApp na dangi muke sawa, 'yan uwa na Kano da Maraɗi su yi ta sa albarka.

Inda gizo ke saƙar shi ne salo na ƙarshe da suka gwada. Babbar da ɗiyar ƙanwata suka ce za su yi irin na mutum biyu su zauna suna hira suna dariya ba takarda ba shiri, irin wanda suke gani a wayoyin ƙawaye. Hirar ta zarce zuwa kwaikwayon muryar mutane, suka kwaikwayi wata maƙwabciyarmu yadda take kiran yaranta da yadda take ciniki da mai kayan miya, ba su faɗi suna ba amma duk wanda ke layinmu ya san ko wace ce. Wani a dangi ya tura waje, ya zaga ya zaga har ya isa wayar matar. Ta shigo har tsakar gida ranta a ɓace, kuma tana da gaskiya, mun ba ta haƙuri yaran sun durƙusa, amma har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Abin da ya fi damuna ba faɗan ba ne. Yaran sun lura wannan shi ne aka fi turawa, shi ƙawaye ke cewa a sake yi, hirar kaka kuwa dangi kaɗai suka saurara. Yanzu babbar cewa take labarai ba wanda ke so, har mai in'inar ya fara tambayata ko nasa ba daɗi ne. Ta yaya zan fahimtar da yarinya mai shekara 14 cewa yawan masu turawa ba shi ne kyan abu ba, alhali da idonta take ganin masu habaici da zage-zage su ne ke da mabiya?

Babansu ya ce magana ta ƙare, a karɓe waya da makirfo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hajiya mahaifiyarsa, wadda da bakinta aka yi hirar nan mai daɗi, ta ce na maza ba laifi amma ɗiya mace da ta fara girma ba ta yarda muryarta ta riƙa yawo a wayoyin maza ba. Ni kuma na ce ai ga mata nan a gidajen rediyo suna aiki da mutuncinsu, ke kanki Anti ga ki, sai aka ce ina goyon bayan yara. Akwai kuma maganar tsaro da ni ma ta tsorata ni, don a cikin labaran babbar ta taɓa faɗin sunan makarantarsu da ranar da babansu ke tafiya kasuwar ƙauye, kuma mu 'yan jihar nan tun abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 ba mai wasa da irin wannan.

Ita kuma yarinyar matsa mini take in buɗe musu shafi a YouTube ko Facebook. Kawunsu ya ce ƙa'idar waɗannan kamfanoni sai mai shekara 13 ke buɗe shafi, kenan ita kaɗai ta kai, sauran sai dai da sunana, kuma in na yi hakan ba da sanin babansu ba kin san abin da zai biyo baya.

Ni ra'ayina a bar su su ci gaba amma da sharaɗi, ba kwaikwayon kowa, ba sunan makaranta ko unguwa, kuma ba abin da zai fita sai ni ko babansu mun saurara tukuna. Sai dai ba mu da iko da hannun dangi, wanda ya tura na farko zai iya tura na biyu. Shin in tsaya a kan wannan ra'ayi ko in bi maigida a rufe abin gaba ɗaya a zauna lafiya? In rufewa ne, me zan ce wa mai in'inar da bai yi laifin komai ba? Kuma wace hanya zan bi in shawo kan Hajiya ba tare da an ce na yi wa uwar miji rashin kunya ba, ko malamai zan nema su yi mata bayani? Dan Allah in akwai mai aikin rediyo cikin masu sauraro shi ma ya sa baki, musamman kan wane salo ya fi dacewa da yara masu waɗannan shekaru.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki, wata uwa daga Katsina