Zuwa ga maigidan da ya tambaye ni batun hayaƙi da hawan jinin mai ciki

Assalamu alaikum Malam,

Ranar da aka gayyace ni shirin lafiya a rediyo kai ne mai kira na ƙarshe, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ka amsa yadda ya kamata. Ka ce a cikinta na fari maiɗakinka ta yi jijjiga, da ƙyar aka samu kanta, ga shi yanzu tana da wani na wata uku. Ka ce gidanku a bakin babban titi yake, da itace take girki, ka tambaya ko hayaƙin nan ne ya jawo mata hawan jini. Tun ranar tambayar take ci mini rai. Na zaɓi in amsa a fili don na san magidanta da yawa suna da irinta a zuci.

Hayaƙi yana da hannu, Malam, sai dai ba shi kaɗai ba ne.

Ka shiga madafa ka dubi bango da rufin da ke saman murhu. Wannan baƙin da ya kama su, irinsa ne ke shiga ƙirjin mai girki. Mafi illa a cikinsa ma ido ba ya gani: ƙwayoyi ne da masana ke kira PM2.5, waɗanda silin gashi ɗaya ya fi su kauri wajen sau 30. Hanci ba ya iya tace su duka. Suna kaiwa can ƙuryar huhu, su tayar da kumburi a jiki, su wahalar da fatar cikin jijiyoyin jini har jijiyoyin su riƙa tsukewa. Mai ciki kuwa numfashin mutum biyu take yi. Iskar da take ja a minti ɗaya takan ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Abin da kai ka shaƙa kaɗan, ita ta shaƙa da yawa.

Cutar da ta kayar da maiɗakinka daga mabiyiya take farawa. A watannin farko jijiyoyin da ke kai wa mabiyiya jini sukan buɗe su yi faɗi. Idan ba su buɗe sosai ba sai mabiyiya ta ƙuntata, ta riƙa sakin sinadarai cikin jinin uwa, bayan mako na 20 jini ya hau, furotin ya fara fita a fitsari, in an yi sake a kai ga jijjiga. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hasselt ta ƙasar Beljiyam sun gano ƙwayoyin baƙin hayaƙi a jikin mabiyiya, har ta ɓangaren da ke fuskantar jariri. A shekarar ce kuma wata hukumar gwamnatin Amurka mai nazarin guba ta bi bincike masu yawa, ta yanke cewa a ɗauki hayaƙin ababen hawa a matsayin haɗari ga hawan jinin masu ciki. Ka ga ashe titin naku ma yana cikin lissafi.

Amma amana ce in faɗa maka ɗaya ɓangaren. A Ibadan an yi gwaji da mata masu ciki 324, aka ba wasu murhun etanol, wani man girki da ke ci ba hayaƙi sosai, wasu suka ci gaba da itace ko kananzir. Zuwa ƙarshen ciki lambar ƙasa ta awon jinin masu etanol, wato ta biyu cikin lambobi biyun da na'ura ke nunawa, ta fi ta sauran matan sauƙi da kusan maki 3. Daga baya aka yi wani mafi girma da mata 3,200 a Gwatamala, Indiya, Peru da Ruwanda, aka raba murhun gas. Hayaƙin ya ragu ƙwarai, amma awon jinin bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Abin da na fahimta daga nan shi ne rage hayaƙi abu ne mai kyau da huhunta da na yaranku za su amfana da shi, amma ba zai maye gurbin awo ba. Cikin fari, tagwaye, ciwon suga, ciwon ƙoda, ƙiba, yawan shekaru, duk suna ƙara haɗarin. Wadda ta taɓa yi kuwa, irin maiɗakinka, tana sahun gaba.

Ina roƙonka da wani abu. Kada maganar nan ta koma zargi a kanta. Na taɓa zama kusa da wata da ta farfaɗo daga jijjiga, harshenta duk ta cije shi, hannunta ya kumbura har zobe ya nutse a yatsa, maganarta ta farko ita ce ko wani abu ta yi ba daidai ba. Ba ta yi komai ba. Sama da mutum biliyan 2 a duniya da itace, gawayi ko kananzir suke girki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 99 cikin 100 suna shaƙar iskar da ta wuce iyakar da ta gindaya. Mace ba ita ta zaɓi inda titi zai bi ba.

Abin da ke hannunka yana da yawa. In da hali a koma gas ko lantarki. In babu, a fito da murhu fili inda iska ke kaɗawa, a bar itace ya bushe sarai, kada a hura wuta da leda ko roba, kuma a samu mai karɓarta a lokacin da hayaƙi ya fi turnuƙewa, wato farkon hura wuta. Janareta ya yi nesa da taga da ƙofa. Kada a ƙona shara kusa da gida, kada a sha taba inda take. Tagogin da ke kallon titi a rufe su safe da yamma lokacin cunkoso, in da ɗaki a can baya ta koma kwana ciki.

Mafi gaggawa dai shi ne ku je awo a makon nan, ka raka ta, ku faɗi tarihin jijjigar tun kafin a tambaye ku. Mace irinta akan ba ta asfirin mai ƙaramin ƙarfi kullum, kuma daidai wannan lokacin ake so a fara. Likita ne zai rubuta, kada a saya a sha da ka. Hawan jinin ciki yakan zo ba ciwo ba alama, na'ura ce kawai ke tona shi, don haka ka riƙe lambobin nan: 140 bisa 90 a koma asibiti, 160 bisa 110 ba a kwana da shi a gida. Ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ko sarƙewar numfashi, ko da tsakar dare ne a tafi. Bayan ta haihu ma a ci gaba da awon har mako shida, don wasu sai bayan haihuwa take kama su.

Ka gaida mini ita. Allah Ya sauke ta lafiya.

Wassalam,
Ungozomar da ka yi wa tambaya