Na bada kafin alƙalami da kuɗin marayu, yanzu an ce bangon gidan na ƙasa ne

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah ki sakaya sunana, kuma ko ba za ki karanta wannan a shiri ba ki daure ki bani amsa, wallahi tun ranar Asabar ko abinci bana iya ci sosai.

Ni mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu, haya muke zaune a Kurna kuma mai gidan duk shekara sai ya ƙara, bana ma cewa yayi ɗansa zai yi aure yana son sashen. Shine nace gara mu samu namu ko ɗan ƙarami ne. Kuɗin kuma Anti ki sani ba wai tara su nake a banki ba, tumunin takabata ne, da kason yaran na giratutin babansu wanda sai da aka sha wahala kafin ya fito, da sarƙar gwal ta aurena da na sayar, da adashen da nake zubi da kuɗin ɗinki. Kinga kenan mafi yawa haƙƙin marayu ne, abin da ke hana ni bacci kenan.

Baffan yaran, ƙanin babansu uwa ɗaya uba ɗaya, dillancin gidaje yake. Shi ya kawo maganar wani gida a wajen Gwammaja, na gado ne, ɗaki uku da falo da soro, ga tsakar gida da rijiya. Da bakinsa yace min ginin bulo ne tun daga ƙasa har sama, tsohon gini mai ƙwari na lokacin da siminti ke araha. Muka je da yamma na gani, an shafe shi da sabon fenti fes har ƙamshi yake, ashe kyan ɗan maciji ne. Aka daidaita a miliyan 22, na bada miliyan 4 kafin alƙalami akan zan cika sauran ƙarshen wata. Ni dai ban ga dalilin da zan zargi ƙanin mijina ba, wa zai yi tunanin mutum zai cuci 'ya'yan ɗan uwansa?

Ɗan yayata da ya karanta harkar gini a Poly shi ya matsa min sai ogansa injiniya ya duba kafin in cika. Anti da mutumin nan ya zo ya ƙwanƙwasa bangon baya da 'yar guduma sai kaji yana amo ba komai a ciki, ya sa ƙusa ya ɗan ɓare filastar sai ga jar ƙasa tana zubowa. Gaban gidan ne kawai bulo, ɗakuna biyu na baya tubali ne aka lulluɓe da siminti. Yace shi ginin ƙasa ba aibu ba ne in ana kula da shi, matsalar in aka shafe shi da siminti danshi baya samun hanyar fita, sai ƙasar ta riƙa jiƙa tana ruɓewa daga ciki filastar tana rabuwa da ita, daga waje kuma ba abin da za ka gani sai ranar da aka yi ruwan Agusta mai ƙarfi. Sannan ya nuna min wata tsaga da ta tashi daga kusurwar taga ta yi gicciye zuwa sama, an cike ta an bi da fenti, yace irin wannan alamar fandisho ne ke zama ta gefe ɗaya, kuma gefen da sokawe yake ne, dan an haƙa shi jikin bangon. Ita rijiyar ma da nake murna da ita taku kaɗan ne tsakaninta da sokawen, yace kar yara su sha. Ya hau silin ya tarar gara ta cinye katakon rufin ɗakin tsakiya, kwanon ya yi tsatsa, wayarin ɗin ma tsoho ne babu waya ta ƙasa. Har da cewa tunda aka ɗaga titin layin yanzu ya fi tsakar gidan tudu, ruwa ciki zai dinga komawa.

Na manta ban faɗa miki ba, maƙociyar gidan wata tsohuwa ta ja ni gefe tace duk damina sai sun kwashe ruwa da bokiti, kuma fentin nan sati biyu kafin a sa gidan a kasuwa aka yi shi. To in ba ɓoyewa ba meye wannan?

Lissafin injiniya gyaran zai ci wajen miliyan 6, dan sai an rushe bangon baya an tada da bulo, an canja wa sokawe wuri, an sake rufi. Ke kin san yadda kayan gini suka koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, buhun siminti ya kai dubu goma, ga rodi ga yashi. Ni ina zan samo?

Na je da kaina har gidan babban magajin, cikin ladabi na durƙusa na gaishe shi nace Alhaji ko dai a rage min miliyan 5 in gyara da kaina, ko ku gyara kafin in cika, ko a dawo min da kuɗina. Ko kallona bai yi ba, yace Hajiya tsohon gida kika saya ba sabo ba, da idonki kika gani kika ce kina so. Wai dubu ɗari biyar zai rage saboda marayu, kamar sadaka yake bani. Kuɗin kuma wai an riga an raba wa magada, wata ƙanwarsu ma ta biya na makarantar yara da nata, in na fasa sai dai in jira a sayar wa wani, kuma ba duka zai dawo ba. Yana ta faɗin akwai ɗan kasuwa daga Kantin Kwari da ke so zai rushe ya yi shaguna. To in da gaske ne me ya hana a sayar masa a bani nawa?

Takarda kuma akwai, amma ta hannu ce baffan yaran ya rubuta, kuɗin da na bada da ranar cikawa kawai ke ciki, shaidu biyu duk yaran Alhajin ne. Ba a rubuta ginin bulo ba, da baki ya faɗa, amma yayata tana wurin ta ji.

Na tambayi limamin unguwarmu yace a mazhabar Malik ba a yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami dan an fasa ciniki ba, kuma aibin da aka ɓoye in babba ne wanda ake tsoron gini ya faɗi saboda shi mai saye na da damar mayarwa, in matsakaici ne a rage masa kuɗi gwargwadon aibin. Ya kuma karanta min hadisin da ke cewa wanda ya ha'ince mu baya cikinmu. Yace in je kotun shari'a. Amma Anti in na kai ƙara dole a kira baffan yaran, shi da ya ci la'ada ta ɓangare biyu, kuma tun yanzu ya je ya faɗa wa Hajiya kakarsu wai na kawo baƙo ya farfasa wa mutane bango na zubar masa da mutunci a gari. Hajiya ta daina ɗaga wayata, babbar 'yata ta je gaishe ta ranar Juma'a ta dawo tana kuka. Ni da na riƙe musu jikoki ban taɓa neman ko sabulu a wurinsu ba.

Yayata cewa take in karɓi ragin dubu ɗari biyar ɗin in shiga, a gyara a hankali, tunda mai hayar ma korata yake. Ni kuma in na tuna a ɗakin bayan nan yarana maza za su kwana sai gabana ya faɗi.

Anti ya zan yi da Hajiya ta saurare ni? Kuma akwai hanyar da mai unguwa ko Hisba za su zaunar da mu a fitar da kuɗin yaran nan ba sai na tsaya gaban alƙali da baffansu ba? Ƙarshen wata ya kusa kuma Alhajin yace ranar kawai yake jira.

Taki,
Maman marayu, daga Kano