Sanarwa: “push” ba kullum “pousser” ba ne

Assalamu alaikum ƴan uwa masu fassara tsakanin Turanci da Faransanci. A kula da wannan kafin aiki na gaba.

A jikin ƙofa babu matsala: PUSH shi ne POUSSEZ, wato tura. Amma danna maɓalli, “push the button”, Faransanci “appuyer sur le bouton” yake cewa. Nan aka fi tuntuɓe, alhali a Hausa ma danna daban, tura daban. “Shove”, bangaje mutum cikin cunkoso, “bousculer” ne. “Push-ups” kuwa, motsa jikin da ake kifa ciki ana ɗaga jiki da hannuwa, “pompes” ne.

Sai tarkon da ke ɗaya ɓangaren: “pousser” yana kuma nufin tsirowa. “Le mil pousse” gero ne ya tsiro, ba wanda ya tura shi. “Don't push it” ya dace da “faut pas pousser”, kada a wuce gona da iri, amma maganar hira ce, kada ta shiga takardar ofis.